Ba Shiga: Gwamnati Da Sirrin Wayoyinmu

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san iyakar baƙo. Baƙo ya yi sallama ya tsaya a zaure, in maigida ya ga dama ya fito, in kuwa bai ga dama ba a ce ya dawo an jima, magana ta ƙare. Ko a nan Zango, inda gidajen haya suka yi yawa, zauruka suka yi ƙaranci, labulen ƙofar ɗaki ya isa ya tsayar da ƙato. Mai ɗaki yakan saki labule ko da babu komai a ciki sai tabarma da buta, domin mutunci ne yake karewa. Iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To, a yau sirrin da ke cikin wayar hannu ya fi na cikin ɗaki yawa. A cikinta ake yin maganar aure da ta saki, a cikinta ake neman bashi a ɓoye, a cikinta ɗa yake aiko wa tsohuwa da kuɗin cefane daga Kumasi ko Tamale ko Turai, a cikinta kuma ake sukar ɗan majalisa da dare a gaishe shi da safe. Tambayar da muke so mu duba a wannan wata ita ce: wa ke da izinin ɗaga wannan labule, kuma da wane sharaɗi? Amsar tana cikin dokokin Gana da hukuncin kotunanta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san da ita.

Abin da waya ke faɗa a kanmu

Kafin mu shiga maganar doka, ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki. Muddin waya tana kunne, tana nan tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, domin ta haka ne kira yake samunta. Saboda haka kamfanin waya ya san unguwar da mutum ya kwana, da inda ya wuni, da ranar da ya yi tafiya. Ya san lambar da aka kira, da lokacin, da tsawon hirar. In mutum yana amfani da kuɗin waya, watau momo, to an san wanda ya tura wa, da nawa, da ranar.

Wani zai ce ai ba a ji abin da na faɗa ba. Gaskiya ne, amma mu yi tunani. In aka ga mace ta kira asibiti sau biyar a mako guda, sa'an nan ta kira mahaifiyarta da tsakar dare, sa'an nan aka turo mata kuɗi daga wurare uku, ashe ba a san halin da gidan yake ciki ba? In aka ga wayoyi arba'in sun taru a gida ɗaya kowace Lahadi gab da zaɓe, ashe ba a san an yi taro ba, da waɗanda suka halarta? Tun shekarar 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni yadda mai tare su a hanya ba zai iya karantawa ba, amma wannan kulli bai ɓoye cewa wane ya yi magana da wane ba.

Waɗannan bayanai kuma ajiye su ake yi. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan mai layi na aƙalla shekara 6, bayanan zirga-zirgar kira da saƙo kuwa na wata 12. Magana zarar bunu ce, a da can ma ba ta komawa, balle yanzu da take da rumbu.

Layin rajista da tsohon tabo

Dukanmu mun tuna da rajistar layukan waya da aka fara ranar 1 ga Oktoba 2021, wadda aka ce katin ɗan ƙasa, watau Ghana Card, shi kaɗai za a karɓa. Mutum ya haɗa lambarsa da katinsa, sa'an nan ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. An yi ta ɗaga wa'adi har zuwa ƙarshen Mayu 2023, daga nan aka rufe miliyoyin layuka. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne maganin 'yan damfarar momo da masu aikata laifi da layukan da ba a san masu su ba. Ba mu raina wannan dalili ba, domin da wuya a sami gida a Nima ko Mamobi ko Aboabo da ba a taɓa kiran wani a cikinsa an ce an turo masa kuɗi bisa kuskure ya mayar ba.

Amma mu malaman makaranta da muka tsaya a layi tare da iyayen yaranmu, muna cike wa waɗanda ba su yi boko ba takardu, mun ga wani abu a fuskar dattawa. Wani tsoho da muka taimaka wa, bayan ya dangwala yatsunsa, sai ya goge hannu a riga ya tambaye mu a hankali, "Malam, yanzu wannan ina za a kai shi, kuma wa zai riƙa dubawa?" Mun yi shekaru muna koyar da ilimin zaman ƙasa a aji, amma ran nan mun rasa amsar da za mu ba shi. Wannan tambaya ce ta sa muka koma muka yi karatu, har aka sami wannan rubutu.

Tsoron dattijon yana da tushe. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubun dubatan mutane suka fita, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, kuma unguwannin Zango su ne suka fi jin jiki, har da waɗanda a nan aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Mu ba mu ga wannan rana ba, amma mun tashi muna jin labarinta a bakin iyaye. Har yau da yawa daga cikinmu sun san ɗacin tambayar nan, "Daga ina kakanka ya zo?", don kawai sunan mutum Garba ne ko Hadiza. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Al'ummar da aka taɓa tantancewa da takarda tana da haƙƙin ta tambayi inda ake kai sunayenta.

Abin da tsarin mulki ya ce

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 18, sakin layi na 2, ya hana a yi wa kowa katsalandan cikin sirrin gidansa, da dukiyarsa, da wasiƙunsa, da sadarwarsa. A lura, kowane mutum aka ce, ba a ware ƙabila ko unguwa ba. Sa'an nan ya kawo togaciya: ana iya shiga in doka ta tanada, kuma in ya zama dole a cikin ƙasa mai 'yanci da dimokuraɗiyya, domin tsaron jama'a, ko tattalin arzikin ƙasa, ko kiyaye lafiya da tarbiyya, ko hana tarzoma da laifi, ko kare haƙƙin wasu. Watau sharuɗɗa biyu ne, kuma tare suke tafiya. Sai akwai doka, kuma sai ya zama tilas. Son sani kawai bai isa ba.

Kotun Ƙoli ta nuna nauyin wannan sashe a shekarar 2018, a wata shari'a da ta samo asali daga rikicin fili a Sunyani, wadda aka sani da shari'ar Cubagee. Mai ƙara ya naɗi muryar wani malamin coci a waya ba da saninsa ba, ya kawo ta a matsayin shaida. Kotu ta ce wannan naɗi ya keta haƙƙin sirri, ta ƙi karɓarsa. Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye, domin ɗabi'ar naɗar muryar mutum a ɓoye a watsa ta a WhatsApp ta yi yawa a tsakaninmu, har ta raba aure da zumunci. Ba za mu nemi gwamnati ta girmama labulenmu ba alhali mu muna yaye na juna.

Bayan tsarin mulki akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. A ƙarƙashinta mutum yana da ikon ya tambayi kamfani ko ofis irin bayanan da suke riƙe da su a kansa, ya nemi a gyara in akwai kuskure, kuma bai halatta a tattara bayani don wata manufa a karkatar da shi zuwa wata daban ba. Sai dai dokar ta yi sassauci a kan abin da ya shafi tsaron ƙasa, kuma ta wannan ƙofa ce ake yawan shigowa. Dokar 2020 da muka ambata ita ma ta ba jami'an bincike damar tare saƙonni, amma sai sun je Babbar Kotu sun nemi takardar izini. Alƙali shi ne mai tsaron zaure.

Lauya guda da umarnin shugaban ƙasa

Wanda yake ganin waɗannan dokoki ado ne kawai a takarda, ga labarin da zai sa ya sake tunani. A watan Maris 2020, lokacin da annobar korona ta shigo, Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu a kan wani umarni mai lamba 63. Umarnin ya bukaci kamfanonin waya su miƙa wa gwamnati bayanan masu layuka, har da lambobin masu kira da waɗanda aka kira, da bayanan wuraren da wayoyi suke, da wasu bayanan momo. An ce domin bin sawun masu ɗauke da cutar ne. A lokacin hankalin kowa yana kan takunkumin fuska da rufe masallatai da kasuwanni, mutane ƙalilan ne suka kula.

Wani lauya mai zaman kansa, Francis Kwarteng Arthur, ya kula. Ya shigar da ƙara a Babbar Kotu a Ankara, yana cewa tattara bayanan jama'a gaba ɗaya, mai ciwo da mai lafiya, ya wuce abin da yaƙi da annoba yake bukata. A watan Yuli 2021 Mai Shari'a Rebecca Sittie ta ba shi gaskiya. Kotu ta ce an keta haƙƙin sirri, ta ba da umarni a daina tattarawa, a kuma goge abin da aka riga aka tara.

Darasi biyu muka ɗauka a nan. Na farko, a lokacin tsoro ne aka fi ɗaga labule, domin mai firgita ba ya tambaya. Na biyu, mutum ɗaya da ya san doka ya iya tsayar da umarnin da ya fito daga fadar shugaban ƙasa. Bayananmu na Zango suna cikin waɗanda ya ceto, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Kada kuma wani ya mai da wannan maganar jam'iyya. A shekarar 2016, zamanin mulkin Shugaba Mahama na farko, an kai wa majalisa wani ƙudurin doka na tare wasiƙu da saƙonnin waya, wanda zai ba da damar fara sauraro na awa 48 kafin a sami izinin kotu. Lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca, aka janye shi a wannan shekara. Laima ta gwada, giwa ma ta gwada. Duk wanda ya hau kujera yana son ya ji abin da ake faɗa a bayansa.

Ɓarawon da ke shiga ba ta ƙofa ba

Akwai kuma wata hanya da ba ta bi ta kamfanin waya. Wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO ya ƙera wata manhaja da ake kira Pegasus, yana sayar wa gwamnatoci. Ita cikin wayar kanta take shiga, wani lokaci ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. In ta shiga tana karanta saƙonni bayan an buɗe kullinsu, tana kwashe hotuna, tana iya kunna makirufo da kyamara. Wayar da ke aljihun mutum ta koma ɗan rahoto.

Kamfanin ya ce don kama 'yan ta'adda da manyan masu laifi ya yi ta. Amma a 2019 WhatsApp ya kai shi kotu a Amurka bisa kutsen da aka yi wa mutane wajen 1,400. A 2020 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada suka bayyana cewa a maƙwabciyarmu Togo an auna malaman coci da ita, har da wani bishop, da 'yan adawa. A Yuli 2021 gamayyar 'yan jarida, tare da Amnesty International, suka fito da labarin jerin lambobin waya sama da 50,000 da ake zargin an zaɓa domin sa ido, cikinsu har da na 'yan jarida da shugabannin ƙasashe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma gemun namu ya ji ɗumi. A ƙarshen 2015 aka ƙulla cinikin sayo wannan manhaja domin Gana, ta hannun wani kamfanin dillanci, da kuɗin hukumar kula da sadarwa ta ƙasa. A watan Mayu 2020 Babbar Kotu a Ankara ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku, shekara 5 zuwa 6, saboda jawo wa ƙasa asarar dala miliyan 4 a wannan ciniki. Abin lura shi ne, a kan kuɗi aka yi shari'ar. Ba don kuɗin sun bi ta hanyar da ba ta dace ba, da wataƙila har yau talaka bai ji cewa an yi irin wannan ciniki da sunansa ba.

Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake?

Mun tattauna wannan batu a ɗakin malamai, kuma wani abokin aikinmu ya kawo hujjar da mutane da yawa suke riƙe da ita. Ya ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, shi ba shi da abin ɓoyewa, a saurara. Ya ƙara da cewa ga abin da ke faruwa a Burkina Faso a kan iyakarmu ta arewa, in sauraron waya zai hana wutar tsallakowa, to a saurari kowa.

Maganarsa tana da nauyi, kuma ba mu ce jami'an tsaro su naɗe hannu ba. Wanda aka sace wa ɗa ko aka kwashe wa jari a momo ya san amfanin bin sawun waya. Abin da muke cewa shi ne a bi ta zaure: a sami zargi a kan mutum takamaimai, a je gaban alƙali, a sami izini mai iyaka da wa'adi. Wannan ba ya hana kama mai laifi. Abin da yake hanawa shi ne a zuba taru a kan unguwa sukutum.

In kuwa aka ce a zuba taru, mu tambayi kanmu a kan wace unguwa za a fara zubawa. Mu ne muke da 'yan'uwa a Yamai da Kano da Wagadugu muna kiransu kullum. Mu ne 'yan kasuwar shanu da albasa da goro da wayoyinsu suke tsallaka iyaka kowane mako. Mu ne yaranmu suke karatu a ƙasashen Larabawa. Duk wannan halal ne, amma a idon na'urar da aka ce ta nemo abin zargi, zumuncinmu da kasuwancinmu su ne za su fara bayyana. Mai gaskiya ma yana gumi in ya san ana iya yi masa fassarar da ba ita ba. Daɗin daɗawa, bayanan da aka tara yau ba su san hannun da za su faɗa gobe ba. Gwamnati tana sauyawa, ma'aikaci yana iya sayarwa, ɓarawon kwamfuta yana iya sacewa.

Akwai kuma wata asara da ba a gani. Mun sani a aji, ranar da sufeto ya zauna a bayan ɗaki, yaran da suka saba tambaya sai su yi tsit. Haka al'umma take. In mutane suka ji ana sauraronsu, mai ƙorafi a kan kwata ko ruwan famfo ko kuɗin da aka ware wa Zango sai ya haɗiye maganarsa. Al'ummar da ba ta da yawa a majalisa ba ta da wani jari da ya wuce bakinta.

Abin da ya rage gare mu

Gudun rajista ba mafita ba ce. Wanda ba shi da kati shi ne ake fara cewa baƙo, kuma shi ne ake rufe wa layi da asusun banki. Mu yi kati, mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa tun suna jarirai, mu adana su kamar yadda ake adana takardar gida. Sa'an nan mu riƙe haƙƙin da ke tafe da su.

Kada mutum ya yi wa wani rajistar layi da katinsa, ko da ɗan ɗakinsu ne, domin duk abin da aka aikata da layin sunansa ne zai fito. Ya je ofishin kamfanin wayarsa ya tabbatar da yawan layukan da ke kan sunansa. Kada a ba kowa lambar sirri ta momo, kada a bar hoton kati yana yawo a shagunan buga takardu. A sa wa waya makulli, a riƙa sabunta manhajarta in ta nema, domin ta tsofaffin ɓaraka ake shiga. A tuna kuma cewa zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu kasuwa ce, abin da ba za a faɗa a kasuwa ba kada a rubuta shi a can.

Wanda aka keta masa sirri yana da inda zai kai kuka. Akwai hukumar kare bayanai da muka ambata, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ wadda ake kai wa ƙorafi ba tare da biyan kuɗi ba, akwai kuma Babbar Kotu, wadda sashe na 33 na tsarin mulki ya buɗe ƙofarta ga duk wanda aka taɓa haƙƙinsa.

Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata su riƙa gayyato 'ya'yanmu lauyoyi su yi wa jama'a bayanin waɗannan dokoki da Hausa. In 'yan takara suka zo neman ƙuri'a da buhunan shinkafa, a ƙara musu da tambaya: wa ke riƙe da bayananmu, shekara nawa, kuma wa ke sa ido a kan mai sa ido? Mu malamai kuma mu shigar da sashe na 18 cikin darasinmu, yaro ya san shi kamar yadda ya san taken ƙasa.

Dattijon nan da ya tambaye mu a layi, mun koma mun same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, muka faɗa masa abin da muka gano. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "To Malam, ashe dai ko gwamnati sai ta yi sallama." Muka ce haka doka ta ce, Baba, amma sai masu gida sun san da haka.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.